Ciwon Gaɓoɓi: A Yi Lissafi Kafin A Sayi Allura Mai Tsada

Abin da ya sa muka ɗauko maganar ciwon gaɓoɓi a wannan mako shi ne wata yarinya 'yar aji shida a makarantar da nake koyarwa, wadda ta yi mako uku ba ta leƙo aji ba, alhali kuwa tana cikin masu ƙoƙari. Da na gaji da aike sai na taka da kaina har gidansu. Na iske ta a gindin murhu tana tuƙa tuwo da goyon ƙaninta, uwar kuwa tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, hannuwanta a kan cinya, yatsun sun kumbura kamar an hura su. Bayan mun gaisa ta ce mini, "Malama, ki yi haƙuri, ba da son raina na tsare ta ba. Da safe ko marfin buta ba na iya buɗewa, sai hantsi ya dubi ludayi sa'an nan hannuwan su ɗan saki."

Wannan mata shekarunta ba su kai arba'in ba. Da kitso da ɗinki take rufa wa kanta asiri. Ciwon ya fara mata ne wata biyu bayan haihuwar autanta, aka ce ai sanyi ne ya shige ta domin ba ta yi wankan jego yadda ya kamata ba. Aka yi ƙaho, aka yi tsaga, aka yi jiƙe-jiƙe, aka koma kemis ana haɗo mata ƙwayoyi a leda. Sai da aka ci shekara biyu a haka kafin ta ga likita. Daga nan wani ɗan'uwan maigidanta ya ji labarin wata allura da ake kawowa daga waje wadda aka ce tana tayar da gurgu. Aka sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnen zinariyarta, aka sayi guda uku. Allura ta yi aiki kuwa, har ta koma kitso. Bayan mako shida kuɗi suka ƙare, ba a daɗe ba ciwo ya dawo, ga shi babu keke, babu zinariya.

To, kafin mu ce an yi daidai ko an yi kuskure, ya kamata mu san irin ciwon da muke magana a kai, domin mu Hausawa kowane ciwon gaɓa sanyin ƙashi muke ce masa ko amosani. Akwai ciwon gwiwa da kwankwaso na tsufa da nauyin jiki, wanda yakan tsananta in an yi aiki, ya lafa in an huta. Akwai amosanin jini na masu sikila. Wanda muke nufi dabam yake, likitoci suna kiransa rumatoyid. Shi wannan, dakarun da Allah Ya sa a jikin mutum domin su yaƙi cuta su ne suke rikicewa su juyo kan rufin gaɓoɓinsa, su sa shi kumburi, kumburin kuma ya riƙa cin guringuntsi da ƙashi a hankali. Yakan kama ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu da na ƙafa, dama da hagu tare, kuma alamarsa babba ita ce sandarewa da safe wadda takan kai awa guda ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne suke ɗauke da shi a duniya, kuma kashi 70 cikin 100 nasu mata ne. Watau ciwonmu ne. Wani abin lura kuma, yakan yi wa mata da yawa sauƙi sa'ad da suke da ciki, sa'an nan ya taso da ƙarfi a watannin farko bayan haihuwa. Wannan shi ya sa ake ɗora wa wankan jego laifin da ba nasa ba, ana zargin mai jego da sakaci.

Allurar da aka saya wa uwar ɗalibata tana cikin wani jinsin magunguna da ake kira bayolojik. Ba a haɗa su da garin sinadari kamar Panadol. Ƙwayoyin halitta masu rai ake renonsu a cikin manyan tankuna, su ne suke samar da maganin, sa'an nan a tace shi. In an sha shi ta baki ciki zai narkar da shi kamar nama, don haka sai dai allura ko ƙarin ruwa. Yawancinsu aikinsu shi ne su tare wani sinadari a jiki mai suna TNF, wanda shi ne kamar ɗan aiken da yake kai saƙon kumburi. Na farkonsu, etanercept, an yarda da shi a Amurka a 1998, infliximab ya biyo baya a 1999 domin wannan ciwo, adalimumab kuma, wanda aka fi sani da Humira, a ƙarshen 2002. Daga baya aka sami waɗanda suke bin wata hanya dabam, kamar rituximab da tocilizumab. Gaskiya ne sun canja rayuwar mutane da yawa, ba mu musun wannan. Abin da ba a gaya wa dangin wannan mata ba shi ne ba sa warkar da ciwon. Danne shi suke yi muddin ana yin su. Adalimumab kowane mako biyu ake yinsa, watau sau 26 a shekara, etanercept kuwa kowane mako, kuma mafi yawan masu yi shekara da shekaru za su yi a kai.

Yanzu bari mu yi lissafi irin na 'yan aji shida. A Amurka, a shekarar 2023, kuɗin Humira na wata guda a rubuce ya kai wajen Dala 6,900. Wannan ba namu ba ne, mu bar shi. A watan Disamba na 2014 wani kamfanin Indiya mai suna Zydus Cadila ya fito da takwaransa a kan wajen Dala 200 kowace allura, aka yi ta murna an sami sauƙi. To 200 sau 26 Dala 5,200 ke nan a shekara. A farkon 2023 Dala ɗaya wajen Naira 460 take a banki, a 2024 ta haura Naira 1,500. In muka yi lissafi da 1,500, kuɗin shekara ya tashi Naira miliyan 7 da dubu 800. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a watan Yuli na 2024 Naira 70,000 ne a wata, watau 840,000 a shekara. Ashe allurar shekara guda ta cinye albashin shekara tara na ƙaramin ma'aikaci. Ko da an ce farashin ya ragu da rabi, har yanzu maganar albashin shekara huɗu da 'yan kai ake yi, ba a sa kuɗin mota da na gwajin jini da na ganin likita ba. Duk wanda ya ce wa iyali su sayi uku su gwada, bai kuwa nuna musu wannan lissafi ba, bai kyauta musu ba, ko da da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Bugu da ƙari, yi a bari a sake komawa yana da nasa lahani. Jiki yakan gane maganin a matsayin baƙo ya shirya masa dakarun da za su kashe ƙarfinsa, musamman infliximab, har in an sami kuɗi an dawo a tarar ba ya ci kamar da. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da muke so kowace mace ta riƙe shi ne, ko a Ingila da Amurka inda kuɗi yake, ba da wannan allura ake farawa ba. Da wata tsohuwar ƙwaya mai araha ake farawa, sunanta methotrexate, wadda aka yarda da ita domin wannan ciwo a Amurka tun 1988, kuma har gobe ita ce ginshiƙi. Mata da yawa ita kaɗai takan ishe su, in an fara ta da wuri. In ba ta isa ba, likita yakan haɗa ta da wasu biyu, sulfasalazine da hydroxychloroquine, ta ukun nan 'yar'uwar tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro ce. A 2013 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 353 waɗanda methotrexate kaɗai ba ta ishe su ba. Aka ba wasu ƙwayoyin nan uku, wasu kuma aka ƙara musu allurar etanercept. Bayan mako 48 aka tarar masu ƙwayoyi uku ba su kasa masu allura ba wajen samun sauƙi. Wannan labari ya fi kowane daɗi ga mai ƙaramin ƙarfi, amma ba shi ake yayatawa ba, domin ba mai samun riba mai yawa a kansa.

Sai dai ita ma methotrexate ba a wasa da ita, kuma a nan za mu ɗan tsaya. Sau ɗaya ake shanta a mako, rana guda tak. Mun saba da safe, rana da dare, to ita ba haka take ba, kuma an yi asarar rayuka a ƙasashe da dama saboda an sha ta kullum bisa kuskure. A zaɓi rana, a ce Juma'a, 'yar makarantar gidan ta rubuta a jikin kalanda. Ana haɗa ta da ƙwayar folik asid, irin wadda ake ba masu ciki a wajen awo, domin rage mata kaifi. Ana gwada jini lokaci lokaci a duba hanta da yawan jini. Ba a haɗa ta da Septrin, wanda muke saye a kemis kamar alewa in tari ko gudawa ta kama mu. Takan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu kafin a ga aikinta, don haka kada a yi mako biyu a ce ba ta ci. Babbar magana kuma ga matan aure, tana ɓarar da ciki ko ta naƙasa abin da ke ciki, kuma ba a shanta ana shayarwa. Mace mai neman haihuwa ta faɗa wa likita a fili, kada kunya ta hana ta, maigida kuma ya kasance a wurin domin maganar tazara ba ta yiwuwa sai da shi. Akwai magungunan da suka dace da mai ciki, sauran ƙwayoyin nan biyu suna cikinsu.

Ledar kemis kuwa da ake haɗowa, mafi yawa prednisolone ne ko dexamethasone tare da diclofenac ko Feldene. Suna kwantar da zafi nan take, shi ya sa ake yabonsu. Shi prednisolone likita ma yakan ba da shi kaɗan na ɗan lokaci kafin methotrexate ta kama. Amma mai shansa shekara da shekaru ba bisa ƙa'ida ba, fuska takan yi fam kamar wata, mutane su ce ta yi ƙiba ta murmure, alhali ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi ne suke tafe. Masu kashe zafin kuma sukan jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, kuma ba sa hana gaɓa lalacewa. Wadda ta daɗe tana shan prednisolone kada ta yanke shi rana ɗaya, sai likita ya rage mata a hankali.

To in an bi duk wannan hanya wata uku zuwa shida ciwo bai lafa ba, a nan ne maganar bayolojik take tasowa, kuma akwai matan da lalle suna bukatarsa. Ba ma so a karanta wannan fili a ce mun hana. Abin da muke cewa shi ne ba a fafe gora ranar tafiya. Tambaya ta farko ga likita ita ce ko akwai takwara. Sa'ad da wa'adin mallakar kamfanin farko ya cika, wasu kamfanoni sukan yi irin maganin, ana kiran nasu bayosimila, kuma hukumomi ba sa yarda da shi sai an gwada an ga aikinsa bai bambanta da na asali ba. Turai ta yarda da takwaran infliximab na wani kamfanin Koriya ta Kudu a 2013, takwarorin Humira suka shiga kasuwar Turai a 2018, ta Amurka kuma a 2023, inda ɗaya daga cikinsu ya fito a kan Dala 995 a madadin 6,900. Mu mata mun saba cewa mai tsada shi ne mai kyau, ko a atamfa ko a kwano, amma a nan suna kawai ake biya. Abin dubawa shi ne lambar Hukumar NAFDAC a jikin kwali da kuma hannun da ya fito.

Tambaya ta biyu ita ce ajiya, kuma wannan ta fi damunmu a nan fiye da Turawa. Waɗannan allurai a firji suke zama, tsakanin digiri 2 da 8. Adalimumab na asali yakan jure kwana 14 a waje in zafi bai wuce digiri 25 ba, mu kuwa a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri zafi yakan haura 40. In kuma ta daskare ta lalace, ko da ta narke daga baya, saboda haka kai ta ajiya firjin maƙwabciya mai sayar da ƙanƙara asara ce. Wadda gidansu wuta sai an ga dama, ta tambaya ko za a ajiye mata a asibiti, ko kuma a duba mata irin wanda ake yi ta ƙarin ruwa a can. Infliximab bayan na farko-farko kowane mako takwas ake yinsa, rituximab kuwa sau biyu a tsakanin mako biyu, sa'an nan a huta wajen wata shida ko fiye. Ga mutumin ƙauye wannan yakan fi sauƙin shiri, domin ana iya tara kuɗin da kaka. Allurar da wani ya ɗauko a cikin jakar kaya daga Masar ko Indiya ko Saudiyya, ta kwana a filin jirgi ta wuni a mota, ba mai iya rantsuwa a kan abin da ya rage a cikinta. Akwai kuma wata ƙwaya ta sha mai suna tofacitinib, wadda ba bayolojik ba ce amma ƙarfinta ya yi kusa da nasu, ba ta kuma bukatar firji. Sai dai a 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kanta game da ciwon zuciya da daskarewar jini da daji, musamman ga waɗanda suka manyanta, don haka ita ma sai likita ya auna.

Abu na uku shi ne tarin fuka. Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar cutarsa a kwance a huhu ba su sani ba, jiki ya killace ta, kuma TNF ɗin nan da allura take tarewa yana cikin masu gadin. In aka kawar da mai gadi, sai ta farka. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, don haka tilas ne a yi hoton ƙirji da gwaji kafin allurar farko, a kuma gwada ciwon hanta, musamman in rituximab za a yi. Uwar ɗalibata ba a yi mata ko ɗaya ba, wani ma'aikacin jinya na unguwa ne ya yi mata allurar a gida, Allah ne kawai Ya kiyaye. Mai niyyar Hajji ko Umra ita ma ta faɗa, domin rigakafin shawara ba ya haɗuwa da waɗannan magunguna.

Likitocin da suka ƙware a kan gaɓoɓi ba su da yawa a ƙasar nan, a manyan asibitocin koyarwa aka fi samunsu, kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Maiduguri. Tafiyar da nisa ga wasu, amma kuɗin motar bai kai na allura ɗaya ba. Muna roƙon magidanta, in mace ta yi mako shida yatsunta suna kumbura suna sandarewa da safe, a ba ta izini a kuma raka ta, kada a ce raki ne ko ƙyuyar aiki. Lalacewar gaɓa a shekaru biyun farko take fara yawa, kuma yatsan da ya riga ya karkace babu allurar da za ta miƙar da shi.

Hukuma ma tana da nata. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa adalimumab da 'yan'uwansa, har da takwarorinsu, a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, dokar kuma ta tanadi asusu domin marasa ƙarfi. Muna kira ga hukumar inshora ta tarayya da na jihohi su bayyana wa jama'a da Hausa, a rediyo da takarda, waɗanne magungunan wannan ciwo suke biya, su kuma tabbatar ƙwayoyin nan uku masu araha da gwajin jininsu ba sa yankewa a manyan asibitoci. Waɗanda suke bukatar allura kuwa ba su kai yawan da za su gagari gwamnati ba. In jihohi suka haɗa kai suka sayo takwarorin da yawa a lokaci guda suka ajiye a firjin asibiti, farashin zai sauka ƙwarai bisa ga abin da iyali ɗaya suke biya a hannun ɗan kasuwa. Ƙungiyoyin mata da masu fitar da zakka su ma su sani, wanda zai ɗauki nauyin mai wannan ciwo ya ɗauka na shekara, ko da na ƙwayoyi ne da kuɗin gwaji.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne masu karatu a gidaje da yawa. Ku raka iyayenku mata asibiti da littafi da fensir, ku rubuta sunan magani da ranar sha da ranar komawa, ku tambayi likita nawa ne kuɗin shekara, kuma me za a yi in kuɗi ya yanke.

Ita uwar ɗalibata, maigidanta ya kai ta babban asibiti bayan mun yi magana da shi ta bakin shugaban makarantarmu. An yi mata hoto da gwaji, an ɗora ta a kan ƙwayoyin nan uku, yau wata biyar ke nan. Tana yin kitso kai biyu a rana, yatsu biyu na hannun dama dai sun riga sun karkace. Yarinyar ta dawo aji, sai dai jarrabawa ta wuce ta, za ta maimaita shekara. Keken ɗinkin kuwa sun shiga adashi domin su sayi wani.